SHAWARAR BAYAN MAGARIBA: MARTANI GA MASU CEWA ƘA'IDAR TARO BOKO CE

Wannan makon sai ku yi mini afuwa, ba za ku ga ci gaban labarin da muka faro ba, na jingine shi sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar Lahadin da ta wuce, kuma idan ban amayar da ita ba ko alƙalami ba zai yi mini tafiya ba. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙungiya ba. Wanda ya tsargu dai shi ya san dalili.

Ina cikin wata ƙungiyar marubuta, shekarata tara ke nan a cikinta. A rajista mu 64 ne, 41 daga ciki mata ne. Duk wata kowa yana zuba naira 1,000, kuma tun farko abin da aka ce mana shi ne kuɗin nan na taimakon juna ne: wanda zai fitar da littafi a ba shi rance, wanda ya kwanta ciwo a duba shi, wanda ya rasu a leƙa iyalinsa. Tunda kasuwar littafi ta ja baya, masu karatu suka koma waya, da yawanmu wannan dubu ɗayar ma sai mun ƙuƙuta muke haɗa ta.

To ga yadda taronmu yake. Za a ce ƙarfe 2 na rana, mu mata mu yi sauri mu sauke tukunya mu taho, mu zauna jiran shugaba har a yi la'asar. Bayan salla a buɗe da addu'a, a shiga gaishe-gaishe, shugaba ya yi jawabi, uban ƙungiya ya yi nasa, wani ya tashi ya ba da tarihin yadda ya fara rubutu tun zamanin keken rubutu, tarihin da muka haddace kamar karatun allo. Kafin a taɓo maganar da ta tara mu ƙarfe 6 ta yi. Matar aure kuwa da ta ce wa maigida za ta dawo kafin magariba, ga yara, ga neman a-daidaita-sahu, dole ta ja mayafinta ta tafi. Da mun watse sai a yi salla a dawo, mutum takwas ko tara su ja kujeru kusa da juna. A nan ake ainihin taron. Wata na zagayowa sai mu ji an ce "ai an yanke shawara".

A irin wannan zama na bayan magariba aka yanke shawarar kwashe kusan duk abin da ke asusunmu aka sayo tsohon injin buga littafi, wai ƙungiya ta riƙa bugu da kanta. Injin nan ko shafi ɗaya bai taɓa fitarwa ba, yana can an lulluɓe shi da leda. Ana cikin haka Allah Ya yi wa wani ɗan uwanmu rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya biyar, mutumin da bai taɓa fashin zubi ba. Da aka zo maganar abin da za a kai wa iyalinsa sai ma'aji ya sunkuyar da kai. Karo-karo muka yi a wurin, abin da aka haɗa ina jin kunyar faɗarsa.

Shi ne ranar Lahadi na ɗaga hannu, da ƙyar aka ba ni dama, na yi tambaya huɗu. Wa ya kawo shawarar sayen injin? Wa ya mara masa baya? Mutum nawa suka yarda, nawa suka ƙi? Ina takardar da aka rubuta wannan? Sakatare ya ce a waya ya rubuta, wayar kuma ta lalace. Sai wani babban yayanmu, marubucin da nake ganin girmansa tun ina 'yar sakandare ina ɓoye littafinsa a cikin littafin lissafi, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya ki yi haƙuri, nan ba Majalisar Dattawa ba ce. Mu 'yan uwa ne. Waɗannan ƙa'idojin na 'yan boko ne, Bature ne ya kawo su don bai yarda da ɗan uwansa ba." Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka tashi.

To Yaya, ranka ya daɗe, a can ba a bar ni na amsa ba, a nan zan amsa. Ni ban yi jami'a ba, iyakata sakandare, amma na yi tambaya wurin waɗanda suka sani, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa.

Ka ce abin na Bature ne. Gaskiya ne littattafan da suka yi suna a wannan fanni daga can suka fito. A Ingila wani ma'aikacin majalisa mai suna Erskine May ya wallafa littafinsa na tsarin zaman majalisa a 1844, har yau ana sabunta shi ana aiki da shi, kuma majalisun ƙasashen da Ingila ta mulka, har da tamu, sun ɗebi da yawa daga wannan tsari. A Amurka kuma akwai wani injiniyan soja, Henry Robert. A 1863 aka ce ya shugabanci wani taro a coci a garin New Bedford, taron ya kuɓuce masa, ya sha kunya, ya ƙudurta ba zai sake hawa kujerar shugaban taro ba sai ya san yadda ake yi. A 1876 ya fitar da littafin da ake kira Robert's Rules of Order, wanda bugunsa na 12 ya fito a 2020. Ka lura Yaya, mutumin nan ba don 'yan majalisa ya rubuta ba. Don ƙananan ƙungiyoyi irin tamu ya rubuta, na masu ibada da na 'yan sa kai, waɗanda su ma suke kiran junansu 'yan uwa. Ya gani da idonsa cewa 'yan uwantaka kaɗai ba ta hana mai babbar murya danne mai kunya.

Amma a bar maganar Bature, mu dawo gida. Yaushe Bahaushe ya taɓa zama ba ƙa'ida? Je ka wurin ɗaurin aure: sai an ga waliyyi, an ga wakili, an faɗi sadaki a bainar jama'a, shaidu sun ji, sannan maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Ko auren zumunci ne, wa da ƙani ne suke haɗa 'ya'yansu, ban taɓa jin an ce tunda 'yan uwa ne a bari sai jama'a sun watse mutum biyu su ƙulla a zaure ba. Je ka fada: a Kano an san masu zaɓen sarki, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, ba duk wanda ya kwana kusa da fada ne zai zauna a wannan zama ba. Ko uwar adashi a unguwarmu tana da littafinta, ta san wa ta zuba, wa za ta ɗauka, ranar yaushe. Kuma kai malami ne, ka fi ni sanin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin, waɗanda suka fi mu yarda da juna nesa ba kusa ba. To don me littafin asusun marubuta, mutanen da rubutu ne sana'arsu, shi ne zai zauna a ka da wayar da ta lalace?

Bari in faɗi mece ce ƙa'idar nan da ake tsorata mu da ita, don mai karatu ya yi mana alƙalanci.

Na farko, sanarwa da ajanda. A gaya wa kowane ɗan ƙungiya ranar taro da lokacin farawa da lokacin tashi da abubuwan da za a tattauna, tun da sauran kwanaki. Maganar kuɗi mai nauyi ba a cusa ta a "sauran batutuwa" a ƙarshen taro lokacin da kowa ya ɗauki jakarsa.

Na biyu, adadin mutanen da sai sun cika zama yake zama taro, abin da 'yan majalisa suke kira kworam. Sashe na 54 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce sai da kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, wato sanata 37 cikin 109, ko wakili 120 cikin 360. Idan wani ya tashi ya ce ba a cika ba, aka jira aka ƙirga aka ga haka ne, dole mai shugabantar zaman ya ɗage shi. A littafin Robert kuwa, idan dokar ƙungiya ba ta faɗi adadi ba, sai an sami fiye da rabin 'yan ƙungiya, kuma idan ba su cika ba babu abin da waɗanda suka zo za su iya yi sai su jira, ko su nemo sauran, ko su sa wata rana, ko su tashi. Ko da sassaucin majalisa muka ɗauka, kashi ɗaya cikin uku na 64 mutum 22 ne. Mutum tara ba taro ba ne, hira ce.

Na uku, ƙuduri. Mai shawara ya miƙe ya faɗe ta a fili da kalmomin da za a iya rubutawa: a sayi kaza, a kan kuɗi kaza, daga asusu kaza. Wani ya ce ya mara masa baya, don a san ba shi kaɗai yake son a tattauna ba. Shugaba ya maimaita ta kowa ya ji. Daga nan ba a sako wata magana sai an gama da wannan. Wanda yake ganin a rage kuɗin ko a canja rana ya kawo gyara, a fara yanke hukunci a kan gyaran kafin uwar maganar.

Na huɗu, muhawara. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, da izinin shugaba, kuma a kan batun zai yi magana, ba a kan halin wanda ya kawo shi ba. A tsarin Robert kowa yana da damar magana sau biyu a kan batu ɗaya, kowace kada ta wuce minti 10, kuma ba ka yin ta biyu sai duk mai son yin ta farko ya yi. Idan ana son a katse muhawara a tafi ƙuri'a, sai kashi biyu cikin uku sun yarda, saboda toshe bakin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Da muna bin wannan, da tarihin keken rubutu bai cinye mana la'asar ba.

Na biyar, ƙuri'a. A ɗaga hannu a ƙirga, masu so da masu ƙi, shugaba ya faɗi adadi da bakinsa. "Kowa ya yarda ko?" sannan a shafa fatiha kafin mutum ya buɗe baki, wannan ba ƙuri'a ba ce. Shi kansa shugaba alƙali ne a wurin. Sashe na 56 na kundin nan ya hana mai shugabantar zaman majalisa jefa ƙuri'a sai idan an yi kunnen doki. A wurinmu kuwa shugaba shi ke kawo shawara, shi ke yabonta, shi ke cewa ta wuce.

Na shida, rubutaccen bayanin taro, wanda muke kira minit. Ba a ce sakatare ya rubuta duk abin da kowa ya faɗa ba. Abin da aka zartar ake rubutawa: ranar taro, waɗanda suka halarta, ƙudurin da aka kawo, wanda ya kawo shi, sakamakon ƙuri'a. A taro na gaba a karanta, a gyara, a amince, a sa hannu. Shafi ɗaya ya isa. Mu da muke cika littafi na ɗaya da na biyu da na uku a kan soyayyar mutum biyu, shafi ɗaya ne zai gagare mu?

Wannan ita ce dodon. Ina bokon yake a ciki?

Na san abin da za a ce mini, don an riga an fara faɗa a bayan idona. Za a ce su 'yan majalisar da suke da ƙa'idar me suka tsinana, ba su ne ake dambe da kujeru ba, ba a gabansu wasu suka shiga zauren Majalisar Dattawa a watan Afrilun 2018 suka sure sandar majalisa suka fice ba? Haka ne. Amma a duba abin da ya faru a jihar Oyo a watan Janairun 2006. 'Yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, bayan sun ƙulla abin a wani otal a Ibadan, alhali sashe na 188 ya ce tsige gwamna sai da kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa. Kafin shekarar ta ƙare Kotun Ƙoli ta rushe tsigewar, ya koma kujerarsa. A Filato ma a watan Nuwamban 2006 'yan majalisar da ba su kai 10 ba cikin 24 suka ce sun tsige Joshua Dariye, a 2007 kotu ta mayar da shi. Ba ina cewa gwamnonin nan waliyyai ba ne, wannan ba shi ne gabana ba. Abin lura shi ne da ba a rubuta adadi da hanya ba, da kotu ba ta da abin kamawa, da ƙarfi ya ci banza. Haka a 2013, da gwamnoni suka yi zaɓen shugaban ƙungiyarsu, Rotimi Amaechi ya sami 19, Jonah Jang ya sami 16, amma ɓangaren mai 16 suka ce su suka ci. Har yau ana yi musu dariya, kuma dalilin da ya sa ake iya dariyar shi ne an ƙirga, kowa ya ji adadin. Mu a ƙungiyarmu ko abin dariyar ba mu da shi, don ba a taɓa ƙirgawa ba. Ɓarawo yana haura katanga, amma ban ga wanda ya rushe katangar gidansa saboda haka ba.

Za a kuma ce ƙa'ida tana cin lokaci. Yaya, taron da ake kira ƙarfe 2 a tashi bayan isha, wane lokaci ne ya rage da ƙa'ida za ta ci? Ajanda mai batu biyar, kowane a ba shi minti 20, awa biyu ta yi yawa.

Za a ce neman a rubuta alamar rashin yarda ce, ina zargin shugabanni da cin kuɗi. Ban ce kowa ya ci ko kwabo ba, kuma har zuciyata ina kyautata zaton da niyyar alheri aka sayi injin nan. Amma yau a bayan fage sunan wa ake kira? Na ma'aji da na shugaba. Da akwai takarda mai cewa mutum 30 sun zauna, 24 sun yarda, da asarar ta kowa ce, ba mai nuna su da baki. Takardar nan su ta fi karewa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Inda zan ba ka gaskiya ɗaya ne. Akwai masu mayar da ƙa'ida sanda. Na halarci tarukan da wani matashi zai riƙa zabura yana ihun "foyin of oda" duk bayan minti biyu, ba don an karya wata doka ba, sai don a san ya iya Turanci, dattijo ya buɗe baki a ce ya saɓa tsari, ya koma ya yi shiru da kunya. Wannan ma zalunci ne. Maganinsa a yi abin da Hausa, a rubuta shi a takarda ɗaya kowa ya riƙe. Ba mu ne farau ba: majalisar Jihar Arewa da ta zauna a zauren Lugard a Kaduna da Hausa da Turanci take muhawara, kuma sashe na 55 na kundin 1999 ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi. "Ina jan hankali kan ƙa'ida" ta wadatar. Sannan shi kansa littafin Robert ya sassauta wa ƙaramin kwamiti na mutum 12 ko ƙasa da haka: ba sai an mara wa ƙuduri baya ba, shugaba ma yana iya sa baki ya jefa ƙuri'a. Ba a ce mutum biyar masu shirya walima su zauna kamar sanatoci ba. Amma kwamiti aikinsa ya bincika ya kawo rahoto ga babban taro. Ba shi da hurumin taɓa asusu sai da izinin waɗanda suka zuba.

'Yan uwana mata, mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu ne 41 cikin 64, kuɗinmu ya fi yawa a asusun nan, amma shekara tara muna zaune a kujerun baya muna duba agogo, idan an fito mu yi ta ƙorafi a bakin titi muna jiran abin hawa. A littattafanmu muna ƙirƙiro jarumar da za ta tsaya gaban alƙali ta ƙwaci haƙƙinta, mu kuwa ɗaga hannu a gaban Malam wane ya gagare mu. Kunya ado ce, amma ba ita za ta ciyar da marayun ɗan uwanmu ba. Ni ma ina cikin masu laifin, don sai da aka yi mutuwa na iya buɗe baki.

Saboda haka ina sanar da shugabanni tun yanzu, don kada a ce na yi musu kwanton ɓauna. A taron wata mai zuwa zan miƙe in kawo ƙuduri a rubuce: a riƙa fara taro ƙarfe 2 a tashi ƙarfe 5, idan shugaba bai iso ba mataimakinsa ya buɗe; kada a zartar da komai sai mutum 22 suna zaune; duk kuɗin da ya haura naira 20,000 kada ya fita sai an sa shi a ajanda an ƙirga hannu; a sayi littafi mai bango a riƙa rubuta minit da Hausa ana karantawa; ma'aji ya riƙa karanto abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku. Mutum ɗaya nake nema ya ce ya mara mini baya. Idan aka tattauna aka ƙirga hannu na faɗi, wallahi zan karɓa, in ci gaba da zubina ba tare da ƙullaci ba, don na san 'yan uwana ne suka ƙi da rana tsaka, ido na ganin ido.

Yaya, girmanka yana nan a wurina, gyara kayanka kuma bai taɓa zama sauke mu raba ba. Hausawa suka ce shawara ɗaukar ɗaki ce, to a bari duk masu ɗakin su kama. Idan na yi kuskure a wani wuri filin nan a buɗe yake, a yi mini gyara a rubuce. Allah Ya jiƙan ɗan uwanmu, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa a ci gaban labarinmu.

Wassalam.